Jijiyar Da Ke Fizgo Ɗa: Gadon Jini, Sikila Da Amanar Masu Ɗaura Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka ambaci gado a majalisin malamai, hankalin kowa yakan tafi ga ilimin fara'ili: rabi da rubu'i da sumuni, gona da gida da garken shanu. To amma akwai wani gadon da ba a jiran rasuwar mai shi kafin a raba, alƙali ba ya zama a kansa, kuma magaji ba shi da ikon ya ce ya yafe rabonsa. Shi ne gadon da ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba tun yana ɗigon ruwa a mahaifa: launin fata, tsawo, ƙirar hanci, har da wasu cututtuka. A kan wannan gadon muke son yin magana, domin a garuruwanmu na Wurno da Rabah da Goronyo jahiltarsa tana kashe aure, tana jefa mata cikin zargi, tana kuma ƙara yawan ƙananan kaburbura a maƙabartunmu.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, labarin wani balaraben ƙauye, wanda a ruwayar Muslim aka ce daga ƙabilar Banu Fazara yake. Ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙorafin cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin kamar ba nasa ba ne. Annabi bai tsawata masa ba, sai ya tambaye shi game da raƙumansa da launinsu. Mutumin ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya amsa da cewa akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Sai Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka yake, bai kuma ba shi izinin kore yaron ba. Malamai sun fitar da hukunce-hukunce daga wannan hadisi, cikinsu har da halaccin ƙiyasi da haramcin kore ɗa saboda bambancin launi. Abin da ya shafe mu a yau shi ne tabbatar da cewa siffa tana iya ɓuya a jikin iyaye ba ta bayyana ba, sannan ta fito a jikin ɗa ko jika.

Makiyayi da manomi sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Mai sayen rago a kasuwar Achida yana bambance Balami da Uda da kallo ɗaya, kuma ya san abin da zai samu idan ya haɗa su. Mai jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ba ya barin kowane bunsuru ya shiga garkensa. Mai noman albasa a fadamar Goronyo ba ya ajiye iri daga kowace shuka, yana zaɓe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Hausawa. Abin da ya rage a sani shi ne lissafin da ke ƙarƙashin wannan, kuma wanda ya fara fito da shi fili wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Cek. Ya shafe shekaru yana barbarar wani irin waken Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Ya ga cewa idan aka haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan farko duk dogaye suke fitowa, kamar gajarta ta ɓace. Amma da aka haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu, sai gajarta ta dawo a kashi ɗaya cikin huɗu na jikokin. Duniya ba ta kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya mutu. Mu dai da muka karanta wannan, jijiyar balaraben nan ce ta faɗo mana a rai.

Daga baya masana suka gano cewa a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu zarurruka 46 masu ɗauke da bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowace siffa tana da kwafi biyu, ɗaya daga nan, ɗaya daga can. A lura da wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin maganar: rabi da rabi ne, babu wanda ya fi wani zubi. Sunna ma ta tabbatar da cewa mace tana da nata kason a halittar ɗa, kuma da shi yake kama da ita ko danginta, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Sulaim. Af, tun da an zo nan, bari mu faɗa wa masu fushi da matansu saboda haihuwar 'ya'ya mata cewa, a binciken likitoci, abin da ke rarrabe namiji da mace daga ruwan uba yake zuwa. Kyautar Allah ce Yake ba wanda Ya so, amma idan har sai an nemi wanda sababin ya biyo ta kansa, to, maigida ne.

Yanzu sai mu zo ga cutar sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta sassan jiki. Nau'insa na asali ana yi masa alama da harafin A, akwai kuma wani nau'i da ya ɗan sauya, ana yi masa alama da S. Wanda ya gaji A daga uwa da uba shi ne AA. Wanda ya gaji A daga ɗaya, S daga ɗaya, shi ne AS: lafiyayyen mutum ne, yana noma, yana haihuwa, yana tsufa, sau da yawa har ya mutu bai san yana ɗauke da komai ba. Wanda ya gaji S daga ɓangarorin biyu shi ne SS, shi ne mai cutar. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi da gaɓoɓi da ƙirji. Ƙwayar jini ta mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, tasa kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idanunsa su yi ɗorawa. Akwai kuma nau'in C, wanda idan ya haɗu da S yana haifar da cutar, ko da yake yawanci ba ta kai ta SS tsanani ba.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Lissafin waken Mendel ne bai sauya ba. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna zaton cewa idan an haifi mai sikila ɗaya, to, ukun da ke biye sun tsira, ko kuwa sai ɗa na huɗu ne zai zo da ita. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, kamar ba a taɓa haihuwa ba. Wani gidan a haifi biyar babu ko ɗaya, wani gidan uku a jere. Idan muka ɗauki gidan da zai haifi 'ya'ya shida, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, lissafi ya nuna cewa cikin irin waɗannan gidaje 100, kusan 82 za su sami aƙalla yaro ɗaya mai cutar. Wanda ya ce zai shiga a haka yana fatan ya faɗa cikin sauran 18, ya kamata ya san cewa ba jikinsa ya sa a caca ba, jikin wanda bai zo duniya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da S, kuma ana haihuwar yara wajen 150,000 da cutar a kowace shekara a ƙasar nan. Wato mutum ɗaya cikin huɗu. A sahun sallar da ke da mutum arba'in, wajen goma suna ɗauke da shi. Idan ana aure babu bincike, aure ɗaya cikin goma sha shida zai haɗa AS da AS. Kowane limami ya ƙirga auren da ya ɗaura daga bayan ƙaramar salla zuwa yau, ya raba da goma sha shida.

Mai tambaya zai ce, me ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu, ba a ƙasashen sanyi ba? Amsar tana cikin sauro. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna, daga bincikensa a gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka a ƙasar da zazzaɓin nan yake kashe yara ƙarni bayan ƙarni, masu AS sun fi kaiwa ga girma da haihuwa, sai S ya yi ta yaɗuwa a cikin jama'a. Wanda ya san fadamar gulbin Rima, daga madatsar ruwan Goronyo zuwa gonakin shinkafar Wurno, ya kuma san yadda sauro yake a damina, ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya zama garkuwa ga mai kwafi ɗaya shi ne ya zama jarrabawa ga mai kwafi biyu. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaddara komai da gwargwado. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu daina kallon AS a matsayin tabo ko la'ana.

A nan ne ɗalibanmu na sakandare da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sukan tsayar da mu, domin wannan misali na sikila da sauro yana cikin babin juyin halitta a littattafansu. Abin da muke gaya musu shi ne su rarrabe tsakanin abu biyu. Sauyawar siffofi a cikin jinsi, da rinjayar wata siffa saboda yanayi, abu ne da ake gani. Mun ga lokacin da kulorokwin take warkar da zazzaɓi, mun kuma ga lokacin da ƙwayar cutar ta daina jin ta har aka koma wasu magunguna. Musun wannan ba kare addini ba ne, jawo masa raini ne, kuma Alƙur'ani a aya ta 22 ta Suratur Rum ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Amma asalin Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, labari ne da wahayi ya zo da shi, a kansa muke, ba mu kuma sauka. Tare da haka, ɗalibi ya karanci babin har ya fahimci abin da masu shi suke faɗa yadda suke faɗar sa. Mu ma masu hawa mumbari mu kiyaye jingina musu abin da ba su ce ba, domin yaron da ya kama malaminsa da kuskure a abin da ya sani zai fara shakkar sa a abin da bai sani ba.

Mu dawo ga aure. Hujjar da aka fi kawo mana ita ce gwaji shisshigi ne ga ƙaddara, kuma cuta da lafiya na Allah ne. Gaskiya ne na Allah ne, amma sahabbai ba su fahimci ƙaddara haka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarga, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara sannan ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwarin da gefe ɗaya yake da ciyawa, ɗaya kuma ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Gwajin jini ba sanin gaibu ba ne, duba abin da Allah Ya riga Ya halitta ne a jikin mutum, kamar yadda ake duba rijiya kafin a zura guga. Kuma bai dace mutanen Wurno su zama masu ƙyamar ilimin likitanci ba, alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a garin ya kuma rasu a cikinsa a 1837, yana da rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Shin hukuma tana da ikon tilasta gwajin? Malamai sun yi saɓani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka a watan Disambar 2003, ta ga cewa bai halatta a mayar da gwajin sharaɗi na ƙulla aure ba, domin shari'a ce ta ajiye sharuɗɗan aure, amma ta yi kira da a wayar da kan jama'a, a sauƙaƙa gwajin, a kuma riƙe sirrinsa. Wasu malaman sun ga cewa shugaba yana da damar wajabta shi don maslaha. Saudiyya ta wajabta shi a 2004, ta bar wa masu auren zaɓi bayan sun ji sakamako. Jihar Kano ma ta sa hannu a kan dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024. Abin da muka fi natsuwa da shi shi ne: auren da aka ɗaura babu gwaji ingantacce ne idan rukunansa sun cika, amma ingancin aure daban, sauke amana daban. Malamanmu na Malikiyya sun ba da zaɓin warware aure saboda hauka da kuturta da albaras da cutar da ke hana saduwa, wanda ke nuna cewa shari'a ba ta ɗauki lafiya da wasa a wannan babi ba. Waliyyin da ya binciki sana'ar manemi da asalinsa da sallarsa, ya bar abin da zai iya kwantar da jikokinsa, bincikensa bai cika ba, ko da doka ko babu.

Sai dai inda muke ganin babbar ɓaraka shi ne lokacin da ake yin gwajin. Yawanci sai an yi zance shekara guda, an kai gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, an raba goro da katin gayyata, saura mako guda, sannan a tuna da asibiti. A irin wannan lokaci sakamako ba ya hana komai. Zuciya ta riga ta ƙulla, dukiya ta riga ta fita, kunyar surukai ta hana kowa magana. Daga nan sai a shiga neman takardar ƙarya, ko a yi ta yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan har a sami amsar da ake so. Wannan ha'inci ne, kuma wanda ya rubuta da wanda ya biya duk suna da kamasho a cikin kukan yaron da za a haifa. Tun ran gini tun ran zane. Jinin mutum ba ya sauyawa daga haihuwa zuwa mutuwa, saboda haka babu dalilin jiran ranar aure. A gwada yaro tun yana firamare ko Islamiyya, uba ya adana takardar tare da ta haihuwa. Idan manemi ya fito, tun kafin a ba shi izinin zance, manyan gidajen biyu su yi wannan magana a asirce. Rabuwa a wannan mataki ba ta da ɗaci, ba kuma wanda zai ji.

A kula kuma da abu biyu. Gwajin rukunin jini, wato A da B da O, wanda ake yi don ƙarin jini, ba shi ne gwajin sikila ba, mutane da yawa suna rikita su. Sannan wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce ya gaya wa mai gwajin, domin jinin da aka ƙara masa yana iya ɓoye nasa.

Game da auren zumunci, halal ne, babu mai haramta shi. Annabi ya auri Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ya kuma aurar da Faɗima ga Aliyu. Amma 'ya'yan wa da ƙani sun fi bare yiwuwar ɗaukar abu guda daga kaka guda, saboda haka gidan da aka san akwai sikila a cikinsa ya fi kowa buƙatar gwaji kafin a yi wa yara alkawarin juna. Zumuncin da ake son ƙullawa, sau nawa muka ga jinya ta tsinka shi? Wanda ya auro daga nesa ma kada ya ce ya tsira, tun da ɗaya cikin huɗu ne a ko'ina.

Akwai kuma wani zalunci da wayar da kai ta haifar, dole mu faɗe shi. Yanzu wasu samari da zarar sun ji yarinya AS ce sai su gudu, alhali su AA ne. AA da AS ba sa haifar SS. Hatta mai SS idan ta auri AA, 'ya'yanta duka AS za su kasance, babu mai cutar a cikinsu. Saboda haka mai sikila tana da haƙƙin aure kamar kowa, kuma namiji AA da ya aure ta da sani, ya riƙe ta da jinyarta, muna yi masa fatan babban lada. Haka nan matar da 'ya'yanta suke rasuwa suna ƙanana, a daina kiran ta mai wabi, a daina zargin kishiya ko maƙwabciya da maita, a daina cewa ta kawo cuta cikin dangi. Idan yaro SS ne, to, uban ya ba da rabi. Mijin da ya sake ta ya auro wata AS ɗin bai sauya komai ba sai fuskar mai kuka.

Waɗanda kuwa aure ya riga ya haɗa, har Allah Ya ba su yaro mai cutar, ba mu ce su rabu ba, kuma kada wani ya yanke musu hukunci daga nesa. Su je ga likita tare, su ji abin da ke gabansu, su yi shawara. Yaro mai sikila yana rayuwa, yana karatu, yana zama malami ko likita idan ya sami kulawa: gidan sauro kowane dare, ruwan sha mai yawa, sutura mai kauri a lokacin hunturu, cikakken rigakafi, da magungunan da likita ya rubuta, cikinsu har da haidiroksiyuriya mai rage tashin ciwon. Zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne, musamman ga mutanen ƙauyukan Gandi da Shinaka da makamantansu, inda matsalar tsaro ta sa fita da dare zuwa Asibitin Koyarwa na Sakkwato ta zama abin fargaba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayoyin gado, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya, ba zancen manomin tafarnuwa ba ne.

Abin da ke hannunmu shi ne gwajin da bai kai kuɗin atamfa ɗaya ta lefe ba. Muna kira ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da mawadatan garuruwan nan uku su ɗauki nauyinsa ga marayu da 'ya'yan talakawa, a kai shi makarantun Islamiyya, a yi wa ɗalibai kafin walimar sauka, sakamakon kuma a miƙa shi ga iyaye kaɗai a rufe. Mu kuma limamai, masu wa'azi da masu ɗaurin aure, mu sanar a masallatanmu cewa tambayar da za mu yi wa waliyyai ba ranar ɗaurin aure za mu yi ta ba, a gaban taro, bayan an zube sadaki. Ranar da aka zo gaya mana an ba wane wance, a soro, mu da waliyyi, ranar za mu tambaya ko an gwada.

Wallahu a'alam.